Ibn Sina: Likitan Bukhara da ya koya wa malamai auna kalmar dole da kalmar yiwuwa

Wata rana da la'asar, ana tsakiyar zafi, aka kawo wa Ibn Sina wasiƙa daga birnin Shiraz na ƙasar Farisa. Wasu malamai ne a can suka karanta wani ƙaramin littafinsa na ilimin manɗiƙi, suka tarar da wuraren da ba su gamsu da su ba, suka tattara tambayoyinsu suka aiko masa. Almajirinsa Abu Ubaid al-Juzjani, wanda ya yi shekara 25 tare da shi kuma ya rubuta tarihinsa, shi ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Malamin ya sa aka kawo farar takarda, bayan sallar lisha aka kunna fitila, ya duƙufa. Da gari ya waye sai ga takardu 50 cike da amsa, ya ce a yi maza a aika da su don kada a tsayar da ɗan aike.

Yawancinmu da likitanci muka san wannan mutum, wanda ƴan lakwal suka karanta da sunan Avicenne. Asibitoci da kantunan magani da dama a ƙasashen Musulmi suna ɗauke da sunansa. Sai dai abin da ya hana shi barci a wancan dare ba magani ba ne, manɗiƙi ne, wato ilimin auna hujja don a gane wadda ta tsaya da wadda ta karye. A cikin manɗiƙin ma, inda ya fi barin tarihi shi ne ɓangaren da ke binciken wasu kalmomi da muke furtawa kullum ba tare da tunani ba: dole ne, yana yiwuwa, ba zai yiwu ba.

Yaron da ya wuce malaminsa

An haifi Abu Ali al-Husain ɗan Abdullahi ɗan Sina wajen shekarar 980, a ƙauyen Afshana kusa da Bukhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. Mahaifinsa mutumin Balkh ne, ma'aikacin daular Samaniyawa. Yana ɗan shekara 10 ya haddace Alƙur'ani. Ya koyi lissafin Indiyawa wurin wani mai sayar da kayan lambu, ya yi fiƙihun Hanafiyya wurin Malam Isma'il al-Zahid. Daga nan mahaifinsa ya sauke wani malamin falsafa a gidansu, Abu Abdullahi al-Natili, wanda ya fara masa manɗiƙi da littafin Isaguji, ƙofar da ake shiga wannan fanni ta cikinta tun zamanin Girkawa. Ba a daɗe ba yaron ya zarce malamin, ya ci gaba da karatu shi kaɗai.

A tarihin da ya shifta da bakinsa, ya nuna cewa likitanci bai ba shi wuya ba, yana ɗan shekara 16 har likitoci na ɗaukar karatu wurinsa. Abin da ya sha masa kai shi ne falsafa. Ya karanta littafin Aristo na ilimin bayan ɗabi'a sau 40, ya haddace shi, amma bai gane inda aka dosa ba. Aristo shi ne masanin Girka da ƴan makaranta suka sani da Aristote. Wata rana a kasuwar masu littattafai wani dillali ya matsa masa ya sayi wani ɗan littafi a kan dirhami 3. Ashe bayanin al-Farabi ne kan manufar wancan littafi, kuma da shi ƙofa ta buɗe. Al'adarsa a lokacin ita ce ya mayar da duk hujjar da ya karanta zuwa tsarin ƙiyasi, ya duba ko ta haifar da abin da ake iƙirari. Idan wata ta cije, sai ya tafi masallaci ya yi salla ya roƙi buɗi.

Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, ya kamu da ciwon da ya sa aka kira saurayin cikin likitocinsa. Ladan da ya nema shi ne izinin shiga ɗakin littattafan fada, inda kowane fanni yake da ɗakinsa. Yana shekara 18, a cewarsa, ya kammala duk ilimomin da ke zamaninsa.

Daga fada zuwa fada

Zaman lafiyar bai ɗore ba. A shekarar 999 Turkawan Ƙarakhaniyawa suka ci Bukhara, daular Samaniyawa ta rushe. Mahaifinsa ma ya rasu yana ɗan shekara 22. Ibn Sina ya bar garinsu, bai sake komawa ba har abada. Ya zauna a Gurganj ta ƙasar Khwarazm, sannan wajen 1012 ya sake ɗaukar kaya, gari bayan gari, har Jurjan kusa da tekun Kaspiya. Sarkin da ya je nema, Ƙabus, ya riga ya mutu kafin su gana. A nan ya haɗu da al-Juzjani, a nan kuma ya fara rubuta al-Ƙanun, babban littafinsa na likitanci.

Daga Jurjan sai Rayy, kusa da Tehran ta yau, daga Rayy sai Hamadan. Sarkin Hamadan, Shamsud Daula, yana fama da ciwon ciki, Ibn Sina ya yi masa magani, aka naɗa shi waziri. Sojoji suka yi masa bore, suka wawashe gidansa, suka nemi a kashe shi, sai da ya ɓuya kwana 40. Da ciwon sarki ya dawo, aka nemo shi aka mayar da shi kujerarsa. Da rana yana aikin mulki, da dare almajirai na taruwa a gidansa ana karatu.

Bayan rasuwar sarkin a 1021, ya ƙi yi wa magajinsa aiki. Ya ɓuya a gidan wani mai sayar da magunguna, inda ya riƙa rubuta takardu 50 a rana na littafin al-Shifa, ba tare da wani littafi a gabansa ba. Aka gano yana musayar wasiƙa da sarkin Isfahan, aka kulle shi wata 4 a gidan kason Fardajan. Ko a can bai ajiye alƙalami ba. Wajen 1024 ya sulale daga Hamadan cikin shigar sufaye, shi da ɗan'uwansa da al-Juzjani da bayi biyu, suka nufi Isfahan. Sarkin can, Ala'ud Daula, ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ware daren Juma'a don muhawarar malamai a gabansa. A Isfahan ya kammala al-Shifa, kuma a wannan zangon ne ya rubuta al-Isharat wat Tanbihat, littafin da ya fi kowanne tasiri a manɗiƙin Musulmi.

Kullin da Aristo ya bari

To mene ne wannan fanni? A manɗiƙi na farko ana duba jumla ne ta fuska biyu, ko gaskiya ce ko ƙarya. Amma gaskiya ba iri ɗaya ba ce. Uku ta fi biyu, wannan gaskiya ce da ba ta da makawa. Ana ruwa a Tawa, wannan ko da gaskiya ce yau, gobe tana iya sauyawa. Abu ɗaya ya kasance kuma ya zama bai kasance ba a lokaci guda, wannan ba zai taɓa yiwuwa ba. Malaman Larabci suna kiran kalmar da ke nuna ƙarfin jumla da suna jiha, jumlolin da ke ɗauke da ita kuma muwajjahat. Da Hausa muna iya cewa manɗiƙin dole da yiwuwa.

Kalmomin uku ɗaure suke da juna. Abin da yake dole shi ne wanda rashinsa ba zai yiwu ba. Mai yiwuwa shi ne wanda rashinsa ba dole ba ne. Duk abin da yake dole to yana nan, duk abin da yake nan kuma mai yiwuwa ne, amma ba a bin hanyar a juye. Yiwuwar abu ba ta nuna ya faru, faruwarsa kuma ba ta nuna dole ne ya faru.

Wahalar tana zuwa ne a wurin ƙiyasi, inda ake haɗa jumla biyu su haifi ta uku. Kowane doki dabba ne, kowace dabba tana mutuwa, saboda haka kowane doki yana mutuwa. Idan ɗaya daga cikin jumlolin biyu tana ɗauke da dole, ɗayar ba ta ɗauke da shi, sakamakon dole ne ko kuwa? Aristo, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce ya danganta da wadda ke ɗauke da dolen. Almajirinsa Tiyofarastus ya saɓa masa, ya ce sakamako yana bin jumlar da ta fi rauni. Fiye da shekara 1,300 masu sharhi suna kai da kawo, galibinsu suna neman hanyar da za su wanke Aristo.

Dole yaushe, kuma da wane sharaɗi?

Ibn Sina bai tsaya wanke kowa ba. Ya lura cewa kalmar dole ba ma'ana ɗaya take da ita ba, sai ya rarrabe ta. Akwai dolen da ba shi da sharaɗi ko kaɗan, kamar samuwar Allah. Akwai dolen da ke nan muddin abin da ake magana a kai yana nan, kamar kasancewar mutum jiki mai hankali. Akwai dolen da ke rataye da siffa, wanda littattafan baya suka saba misalta shi da mai rubutu: dole yatsunsa su motsa muddin yana rubutu, da ya ajiye alƙalami dolen ya faɗi. Akwai dolen da ke da lokaci sananne, kamar husufin wata idan duniya ta shiga tsakaninsa da rana. Akwai kuma dolen da ke da lokaci amma ba a ƙayyade shi ba, kamar shaƙar numfashi. Har ya ba da misalin matafiyi daga Rayy zuwa Bagadaza, wanda zai isa Kirmanshah a wani zango na tafiyarsa. Kamar ka ce mai bin babbar hanya daga Damagaram zuwa Yamai zai ratsa Dosso. Gaskiya ce, amma ba a kowane lokacin tafiyar yake Dosso ba.

Haka ya tsaya kan bambancin yiwuwa iri biyu. Akwai yiwuwa mai faɗi, wadda ke nufin abu ba gagararre ba ne, har abin da yake dole yana shiga cikinta. Akwai yiwuwa ƙuntatacciya, wadda ke nufin abu yana iya kasancewa yana iya rashin kasancewa. Gardama da yawa tana tashi ne saboda ɗaya yana nufin ta farko, ɗayan yana nufin ta biyu.

Daga nan ya juya kan jumlar da ba ta ɗauke da jiha ko ɗaya. Idan aka ce kowane mutum yana barci, ba a nufin kullum yana barci, ana nufin akwai lokacin da yake yi. Saboda haka wannan jumla ba ta karo da wadda ta ce kowane mutum ba ya barci, domin ita ma akwai lokacin da take gaskiya. Kishiyarta ta haƙiƙa ita ce a ce akwai mutumin da bai taɓa barci ba. Wannan ƙaramin gyara ya rushe wasu ƙiyasai da aka daɗe ana ɗauka ingantattu. Duba wannan: kowane mutum yana barci, kowane ɗan kasuwa ba ya barci, saboda haka babu ɗan kasuwar da yake mutum. Kowace jumla cikin biyun farko gaskiya ce a lokacinta, sakamakon kuwa shirme ne. Wanda ya manta da lokaci, haka hujja za ta kai shi ta baro.

Ya kuma ƙi yarda da Aristo a kan juya jumla. Dole ne kowane marubuci ya kasance mutum. Idan aka juya ta, ba za a ce dole ne wani mutum ya kasance marubuci ba, iyakarta a ce yana yiwuwa. Da irin waɗannan gyare-gyare ya gina tsari nasa na kansa, inda lokaci da sharaɗi suka shiga cikin ƙashin bayan manɗiƙi.

Daga manɗiƙi zuwa tauhidi

Bai bar wannan rarrabewa a kan takarda ba. Da ita ya gina hujjarsa kan samuwar Allah. Duk abin da muke gani, in ji shi, samuwarsa mai yiwuwa ce a karan kansa, yana iya kasancewa yana iya rashin kasancewa, don haka yana buƙatar abin da zai rinjayar da samuwarsa. Ko an tara dukkan masu yiwuwa wuri ɗaya, tarin nasu ma mai buƙata ne. Ke nan sai an tuƙe ga Wanda samuwarsa dole ce a karan kansa, wato Wajibul Wujudi.

A nan ne kuma rigima ta same shi bayan ransa. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Tahafutul Falasifa yana sukar masu falsafa a mas'aloli 20, ya kafirta su a guda 3: cewa duniya ba ta da farko, yadda suka bayyana sanin Allah ga ɗaiɗaikun abubuwa, da batun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Amma abin lura shi ne al-Ghazali bai jefar da manɗiƙin ba. Ya rubuta Mi'iyarul Ilmi a kansa, ya kuma buɗe al-Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙihu, da gabatarwar manɗiƙi. Ya yaƙi sakamakon, ya riƙe ma'aunin.

Ƙarshen tafiya

Shekarun Isfahan ma ba su rasa asara ba. Da rundunar Mas'ud na Ghazna ta afka wa garin, aka wawashe kayansa, aka tafi da Kitabul Insaf, babban littafin da ya yi don yanke hukunci tsakanin masu sharhin Aristo. Ɓurɓushinsa kawai ya rage. Daga baya ciwon ciki, wanda ya sha warkar da sarakuna daga gare shi, ya kama shi yana cikin rakiyar Ala'ud Daula wurin yaƙi. Ya matsa wa kansa da magani har ya ji wa hanjinsa rauni, kuma al-Juzjani ya ruwaito cewa wasu na kusa da shi sun zarce ƙa'ida a haɗin da aka ba shi. Da ya ga jiki ya ƙi, ya daina magani. Masu tarihi sun ce ya ƴanta bayinsa, ya yi sadaka da dukiyarsa, ya koma ga karatun Alƙur'ani. Ya rasu a Hamadan a 1037, yana da kimanin shekara 57. Kabarinsa yana can har yau.

Yadda ilimin ya iso ƙasar Hausa

Turai ta karɓi likitan. An fassara al-Ƙanun zuwa Latin a birnin Toledo a ƙarni na 12, aka riƙa koyar da shi a jami'o'i har cikin ƙarni na 17. Amma daga manɗiƙin al-Shifa kaɗan ne aka fassara, babban aikinsa kan ƙiyasi ya zauna a Larabci. Makarantun Musulmi ne suka gaje shi. Fakhruddin al-Razi da Nasiruddin al-Ɗusi sun yi wa al-Isharat sharhi. Al-Khunaji ya faɗaɗa tsarin, ya kuma saɓa masa a wurare. Al-Katibi ya taƙaita shi a littafin al-Shamsiyya, inda ya jera jumloli masu jiha guda 13, kuma ɗalibai suka yi ƙarnoni suna karanta shi daga Indiya zuwa Masar.

Ta Arewacin Afirka ilimin ya gangaro mana. Shehu al-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya rubuta Mukhtasar a manɗiƙi bisa wannan tafarki. Shi ne kuma mai Ummul Barahin, littafin tauhidin da ya yaɗu a zaurukan Afirka ta Yamma, wanda ya fara da raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Malaman tauhidi sun san wannan rabo tun da can, amma a zamanin al-Sanusi ya riga ya cuɗanya da manɗiƙin da Ibn Sina ya gyara. Duk almajirin da ya zauna gaban malam a Maraɗi ko Damagaram ya ji an ce wannan wajibi ne a hankalce, wancan ja'izi ne, to ya taka ƙofar manɗiƙin dole da yiwuwa ko bai san sunansa ba.

Shehu al-Maghili, shi ma mutumin Tilimsan, wanda ya bi ta ƙasar Azbin ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya kuma je Katsina da Gao, yana da waƙe na manɗiƙi mai suna Minahul Wahhab. Ya yi musayar baitoci da Imam al-Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin karatun manɗiƙi haramun ne. Al-Maghili ya tsaya kan cewa gaskiya ake dubawa, ba wanda ya fara faɗinta ba. Daga baya Sullam na al-Akhdari, wanda aka tsara a ƙarni na 16, ya zama littafin masu fara wannan fanni.

Fannin a zamaninmu

Manɗiƙin dole da yiwuwa na zamani bai fito kai tsaye daga Ibn Sina ba, tasowa ya yi daga lissafi. Ba'amurke C. I. Lewis ya farfaɗo da shi a 1918, sannan a 1932 shi da C. H. Langford suka fitar da tsare-tsare biyar, daga S1 zuwa S5. Yau ana rubuta dole da alamar akwati □, yiwuwa da alamar ◇. A 1959 Saul Kripke, yana saurayi bai kai shekara 20 ba, ya wallafa hanyar fassara alamomin: a ƙaddara yanayoyi da yawa da al'amura za su iya kasancewa, dole shi ne abin da ya tabbata a dukkansu, mai yiwuwa shi ne wanda ya tabbata ko da a guda ɗaya.

Daga wannan gindi rassa suka fito. Georg von Wright ya kafa manɗiƙin wajibi da halas a 1951, inda wajibi yake nufin barinsa bai halatta ba. Bambancinsa shi ne abin da doka ta wajabta ba lallai ne ya faru ba, mutane na karya doka. Arthur Prior na New Zealand ya kafa manɗiƙin lokaci a 1957, da kalmomin kullum da wata rana. Jaakko Hintikka ya kawo manɗiƙin sani da zato a 1962: abin da ka sani gaskiya ne, abin da kake zato kuwa ba lallai ba. A 1977 Amir Pnueli ya shigar da manɗiƙin lokaci cikin ilimin kwamfuta, aikin da ya kai shi ga lambar Turing a 1996. Da shi injiniyoyi ke tabbatar da cewa manhaja ba za ta taɓa ba hanyoyi biyu masu giciye koriyar wuta a lokaci guda ba, ko kuma duk saƙon da aka tura zai isa wata rana.

Sai bayan an kai nan masana suka waiwaya. A 1967 Nicholas Rescher ya wallafa bincike kan jihohin lokaci a manɗiƙin Larabci, aka ga cewa haɗa dole da lokaci da sharaɗi, wanda ake ɗauka sabon abu ne, an yi ƙarnoni ana koyar da shi a makarantun Musulmi. Har yau masu bincike na ƙoƙarin rubuta tsarin Ibn Sina da alamomin zamani, kuma ba su gama daidaitawa kan fassararsa ba.

Mutumin da ya rasa garinsu, ya yi waziri sau biyu, ya kwana a kurkuku, aka sace masa littafi, bai bar mana gida ko sarauta ba. Ya bar ɗabi'ar tsayar da mai magana a tambaye shi abin da yake nufi. A yau da kalmar dole ta yi arha a bakin ƴan siyasa, da masu wa'azin waya, da dillalan da ke ce wa matasa babu arziki sai an tsallaka teku, tambayoyin da ya jera shekara dubu da suka wuce suna nan da amfaninsu: dole ga wa, a wane lokaci, kuma muddin wane sharaɗi yana tsaye?